Firintar 3D ta Zare ko ta Ruwa: Wacce Ta Dace da Aikinka da Wutarka?

Duk wanda ya shiga neman firintar 3D a intanet, abin da za a fara cusa masa shi ne gudu. Wannan tana cin milimita 500 a daƙiƙa ɗaya, waccan 600, ga wata can tana buga launi goma sha shida. Masu tallar ba ƙarya suke yi ba, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abu uku ne ke fayyace injin da zai amfane ka: me za ka ƙera, a ina abin zai zauna bayan ka ƙera shi, sannan wace irin wuta gare ka. Wanda ya amsa waɗannan tsakani da Allah zai ga injunan kasuwa sun ragu da kansu zuwa biyu ko uku. Wanda kuwa ya fara da sunan kamfani, sayen kifi a ruwa zai yi.

Injunan da ake ɗorawa a kan tebur gida biyu ne. Na farko shi ne mai zare, wanda ake kira FDM. Ana ɗora masa naɗin zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ya ja shi zuwa cikin wani kai mai zafi, ya narkar, ya fitar ta wani ɗan tsini mai ramin milimita 0.4, yana shimfiɗawa hawa-hawa, kamar yadda mai ginin tukunya ke naɗa igiyar yumɓu wata bisa wata har tukunya ta tashi. Scott Crump, wanda ya kafa kamfanin Stratasys a Amurka, shi ya nemi haƙƙin mallakar wannan fasaha a 1989. Da wa'adin haƙƙin ya ƙare a 2009, ga kuma aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, inda ake sakin zanen inji kyauta kowa ya kwaikwaya, sai farashi ya faɗo daga na masana'anta zuwa na mai gida. Kusan duk injin zare mai araha da ke kasuwa yau jikan wannan aikin ne.

Na biyu shi ne mai ruwa. A nan ba narkarwa ake yi ba, daskararwa ake yi. Ana zuba ruwan rezin, wato ruwan roba da haske ke daskararwa, a wani ɗan kwano mai gindin leda garau, a ƙarƙashinsa akwai allon LCD da fitila mai haske irin na UV. Allon ya nuna siffar hawa ɗaya, hasken ya busar da ruwan daidai wannan siffar, farantin da abin ke mannewa a jikinsa ya ɗaga sama kaɗan, a sake. Abin yana fitowa a kife, rataye a jikin farantin. Asalin dabarar ta Chuck Hull ce, wanda ya sami haƙƙin mallakarta a 1986.

Idan aka ajiye aikin biyun gefe da gefe, na ruwa ne ke ɗauke ido. Kaurin hawa ɗaya a injin zare yawanci milimita 0.2 ne, kana gani da ido, kana ji da farce. A injin ruwa 0.05 ne, sai ka kawo abin kusa da fuska kafin ka ga layi. Zobe mai zanen fure, samfurin haƙori, ɗan mutum-mutumi mai tsawon yatsa da gashin ido da komai, injin zare ba ya ko kusa. Akwai ma wata fa'ida da 'yan kasuwa ya kamata su riƙe: tunda allon yana haska hawa gaba ɗaya a lokaci guda, zobe ɗaya da zobe talatin lokacinsu ɗaya ne, muddin sun shige farantin. Tsayi kawai ke cin lokaci. A injin zare kuwa kowane ƙarin abu ƙarin awanni ne.

To amma a dubi abin da ke biyo bayan bugawar. Inji ya tsaya, ka sa safar hannu ta naitiril, ka kwance farantin yana ɗigar ruwa mai yauƙi da wari, ka kankare abin da wuƙar fenti, ka jefa shi cikin ruwan IPA, wani irin sifirit, ka wanke, ka cire 'yan sandunan tokara ɗaya bayan ɗaya, ka bar shi ya bushe, sannan ka sa shi a akwatin haske ya ƙarasa ƙanƙamewa. Sai ka dawo ka tace sauran ruwan kwano, don ko guntu ɗaya ya faɗa ciki, faranti zai danna shi ya huda ledar ko ya fasa allon. Ruwan wankin da ya ƙazantu ba a zubar da shi a kwata, sai an shanya shi a rana rezin ɗin ciki ya daskare. Ɗanyen rezin yana cin fata, kuma wanda ya yawaita taɓa shi jikinsa kan daina jure shi gaba ɗaya. Wannan ba injin falo ba ne, ba kuma na ɗakin da yara ke shiga ba. Ɗaki yake so na kansa, mai iska, wanda rana ba ta faɗowa kan teburin, domin hasken rana ma yana daskarar da ruwan a cikin kwano. Sannan rezin na gama-gari gautsi gare shi, idan ya faɗi a siminti sai ya tarwatse. Akwai masu ƙarfi, amma kuɗinsu ya ninka.

Saboda haka hukuncina a kan injin ruwa gajere ne. Idan kai maƙerin zinare ko azurfa ne da ke son samfurin da za a ƙone a zuba ƙarfe a gurbinsa, ko mai ɗakin haɗa haƙori, ko mai yin ƙananan siffofi na sayarwa, shi ne naka. Elegoo Mars da Anycubic Photon su ne ƙanana masu araha, kuɗinsu bai fi na injin zare na farawa ba. Elegoo Saturn ya fi su faɗi, farantinsa ya kai kusan milimita 218 da 123. Formlabs ta Amurka, wadda ta fito da Form 1 ta hanyar Kickstarter, shafin tara kuɗin fara sana'a daga jama'a, a 2012 ta kuma saki Form 4 a 2024, dubban daloli take sayar da injinta. Abin da ake biya a wurinta ba kyan bugu kaɗai ba ne, har da rezin da aka gwada aka amince da shi don aikin lafiya, da saiti da aka riga aka daidaita. Asibitin haƙori zai iya cin ribar wannan, mai gwaji a gida ba zai ci ba. Idan kuwa ba ka cikin waɗanda na lissafa, ka bar ruwa ka kama zare.

Zaren da za ka yi aiki da shi ne zai zaɓa maka inji

PLA shi ne zaren da kowa ke farawa da shi. Daga sitacin masara ko rake ake yin sa, yana narkewa a wajen digiri 200 zuwa 220, ba ya lanƙwashewa a kan faranti, warinsa kaɗan ne, ga launuka barkatai. Aibinsa ɗaya, kuma a ƙasarmu babba ne: yana fara laushi tun daga kusan digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Mai rubuta sharhi daga Jamus ko Kanada zai ambaci wannan a layi ɗaya ya wuce. Mu ba za mu wuce ba. A watan Afrilu, inuwa ma tana haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, balle gaban motar da aka rufe aka bari a rana. Buga mariƙin waya da PLA ka manna a gaban mota, ka shiga kasuwa ka fito: za ka tarar da wuyansa ya sunkuya, bakin da ke damƙe wayar ya buɗe, kuma ko ya huce ba zai koma yadda yake ba. Haka abin da aka ajiye kusa da rufin kwano ko jikin janareta. PLA na kayan cikin ɗaki ne: samfurin gini, kayan koyarwa, akwatin ƙananan kaya, kayan ado.

PETG ya fi dacewa ya zama zaren yau da kullum a wurin mai zafi. Yana jurewa har kusan digiri 80, yana ɗan lanƙwasa kafin ya karye, ba ya tsoron ruwa. Yana barin siraran zare tsakanin sassa, kuma yana manne wa wasu faranti har ya ɓamɓaro fatarsu idan ba a shafa gam a tsakani ba, amma duk injin zare na zamani yana buga shi, buɗaɗɗe ko rufaffe.

ABS da ASA su ne na aikin wahala, suna kaiwa kusan digiri 100 kafin su yi laushi, ASA kuma ba ya dusashewa ko tsattsagewa a rana. Murfin fitilar waje, maƙalin allon sola, kayan cikin mota, nasu ne. Sai dai suna tsukewa idan suna hucewa. Iskar fanka kaɗai ta isa ta ɗaga kusurwar abin daga faranti ko ta tsaga shi a tsakiya. Don haka suna bukatar faranti mai zafin digiri 100 da inji rufaffe mai ƙofa, suna kuma fitar da hayaƙi mai wari wanda bai kamata a zauna ana shaƙa ba. Nailan da zaren da aka gauraya da kabon suna ƙara wani sharaɗin: tsini na ƙarfe mai tauri, domin na tagulla cinyewa yake yi.

Ka ga tambayar buɗaɗɗen inji ko rufaffe ta amsa kanta. Mai PLA da PETG buɗaɗɗe ya ishe shi. Mai ASA da ABS rufaffe ya zama dole. Akwai kuma wani juyin: rufaffen inji a ɗaki mai zafi yana toshewa da PLA, domin zaren kan yi laushi tun bai kai wurin narkewa ba, sai ya cushe. Masu irin waɗannan injuna buɗe ƙofa da murfin sama suke yi idan za su buga PLA.

Injunan da kansu

Creality Ender 3, wanda kamfanin na birnin Shenzhen ya fitar a 2018 a kan kusan dala 200, shi ya shigar da miliyoyin mutane wannan harka. Yana buga abu mai faɗin milimita 220 da 220, tsayi 250. Har gobe za ka same shi na hannu da arha, kuma babu injin da ya kai shi yawan kayan gyara da bidiyon koyarwa. Amma a san irin zaman da za a yi da shi. Kafin ka buga, sai ka zura takarda tsakanin tsini da faranti, kana murɗa dunƙulen da ke ƙarƙashin kowace kusurwa, kana jan takardar har ka ji ta ɗan kama ba ta maƙale ba. Ka gama kusurwa huɗu, ka dawo ta farko ka ga ta goce. Sannan ka tsuguna ka zuba wa hawan farko ido: idan layukan sun kwanta sun haɗe sumul, ka huta, idan sun fito mulmulallu ba su kama ba, bayan awa ɗaya tulin zare a hargitse za ka tarar. Ɗalibin injiniya da ke son sanin cikin inji zai ƙaru da wannan ƙwarai. Wanda ke da odar da zai kai gobe ba zai gode maka ba. Ender 3 V3 SE na 2023 ya rage wahalar, yana auna farantinsa da kansa, ya fi sauri, kuɗinsa kuma bai yi nisa da na tsohon ba. Idan aljihu ya matse, shi zan nuna, ba tsohon ba.

Bambu Lab ce ta birkita kasuwar. Tsofaffin injiniyoyin DJI, masu ƙera jirage marasa matuƙi, su suka kafa ta, suka fito da X1 ta Kickstarter a 2022. Abin da suka kawo shi ne inji da ke daidaita kansa: ya auna faranti, ya gwada girgizarsa ya gyara, kai dai ka zaɓi abu ka danna. A1 mini, mai milimita 180 ta kowace fuska, ya fito a 2023 a kan dala 299. A1 babba yana da 256, ana canja tsininsa da hannu ba sukudireba. Dukansu buɗaɗɗu ne, farantinsu ne ke kai da komo. P1S, shi ma na 2023, ya fito a dala 699, rufaffe ne, 256 ta kowace fuska, kan bugun ne ke yawo a sama faranti yana sauka a hankali, tsarin da ake kira CoreXY. Wannan tsarin ya fi riƙe dogayen abubuwa sirara, domin ba a jijjiga su gaba da baya. Ga wanda yake son abin da inji ke fitarwa ba injin kansa ba, A1 da P1S suna da wuyar dokewa a farashinsu. Mai sayen A1 na hannu ya bincika ɗaya: a farkon 2024 kamfanin ya janye na farko-farko saboda matsalar wayar faranti mai zafi, to a tabbatar an canja ta.

Milimita 180 na A1 mini yana jin kamar kaɗan, amma mafi yawan abin da ake bugawa a gida bai wuce tafin hannu ba, kuma babban abu ana raba shi gida biyu a haɗa da gam. Mai zanen gini da ke yin samfurin gidaje shi ne zai ji matsi, ya nemi 256.

Prusa ta birnin Prag a Jamhuriyar Cek, wadda Josef Prusa ya kafa a 2012, ita ce tsohuwar hannu. MK4 na 2023 ya fito a dala 799 idan kai za ka harhaɗa, 1,099 idan a haɗe yake, yana buga 250 da 210 da 220. Core One, rufaffensu mai tsarin CoreXY, an sanar da shi a ƙarshen 2024. A takarda, ka biya fiye da na Bambu ka sami ƙasa da girmansa. Abin da takarda ba ta nunawa shi ne shekaru: kamfanin yana sayar da kayan ɗaga tsohon inji zuwa sabo, har mai MK3 na 2017 yana iya mayar da nasa na zamani, kuma yawancin sassan roba na jerin MK bugaggu ne, idan ɗaya ya karye kana iya sauke zanensa ka buga wani. Wanda ya harhaɗa nasa da hannunsa kuma ya san kowane kusa a jikinsa, abin da ke da daraja a garin da ba makanikin firinta. Matsalar ita ce kuɗin jigila daga Turai, na injin da na kayan gyaransa.

Creality K1 da Elegoo Centauri Carbon rufaffu ne masu tsarin CoreXY da ke bin sawun P1S da farashi ƙasa da nasa. Sun cancanci a duba su idan ASA ake so kuma kuɗi bai kai ba.

Wuta

A nan ne sharhin ƙasashen waje ba ya taimaka mana, domin su ba sa tunanin za a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Bugu ɗaya yana iya cin awa shida, goma, ko ashirin. Kusan kowane injin zare na yanzu yana tallar cewa zai ci gaba daga inda ya tsaya idan wuta ta dawo, kuma yana yi, amma da sharaɗi. Faranti mai shimfiɗar robar PEI da ake amfani da shi yanzu an yi shi ne ya riƙe abu yana da zafi, ya sake shi idan ya huce. Idan wutar ta yi minti biyu ta dawo, sai dai ka ga ɗan tabo a jikin aikin. Idan ta yi awa uku, faranti ya huce, abin ya saki, inji ya dawo ya ture shi ya ci gaba da zuba roba a iska. A injin ruwa kuwa da yawa ba su ma da wannan dabarar. Don haka ka sa kuɗin batir da inbata a cikin kuɗin firinta tun farko, in ba ka da su.

Lissafin ba shi da wuya. Matsakaicin injin zare yana cin abin da bai yi nisa da wat 100 ba idan yana buga PLA, wato bugun awa goma ya tashi kusan yunit ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kusan yunit 2.4 a takarda, idan kuma irin na dalma ne rabin wannan ya kamata a ci, in ana so ya yi ƙarko. Kenan batir ɗaya zai kai bugun dare ɗaya da ƙyar, ba tare da firji da fanka ba. ABS da ASA sun fi haka ci, saboda zafin farantin.

Abin da ke kama mutane ba wannan matsakaicin ba ne, mintunan farko ne. Bambu A1 da P1S suna ɗumama faranti kai tsaye da wutar gida. A takardar bayaninsu, a kan bolt 220 irin tamu, A1 yana iya jan wat 1,300, P1S kuma 1,000, na ɗan lokacin da faranti ke ɗaukar zafi. Ƙaramar inbata ko UPS na kwamfuta zai yi ƙara ya mutu tun ba a fara ba. A1 mini kuwa iyakarsa wat 150, Prusa MK4 wat 240, Ender 3 kusan wat 350. Ga mai ƙaramar sola, wannan lamba ɗaya ta fi duk maganar gudu muhimmanci, kuma ita ta sa nake ganin A1 mini ya fi yayansa A1 dacewa da gidaje da yawa. Ƙananan injunan ruwa ma ba sa cin wuta sosai, tunda ba abin da suke narkarwa.

Mai janareta ya sa UPS mai ƙarfi ko inbata a tsakani, domin daƙiƙun da ake canja layi sun isa su kashe aiki. Kuma duk wanda aka aiko masa da Ender daga Amurka, ya leƙa jikin akwatin wutarsa kafin ya jona: akwai ɗan maɓalli mai 115 da 230. Idan yana kan 115 ka soka shi a soket ɗinmu, hayaƙi za ka gani.

Bayan wuta sai intanet. Bambu ta gina jin daɗin injinta a kan sabarta, wato kwamfutocinta na intanet: ka tura aiki daga waya, ka leƙa ta kyamara. A watan Agustan 2023 wata tangarɗa a sabar ta sa wasu injuna suka tashi da kansu cikin dare suna bugu, wasu har suka lalace. A Janairun 2025 kuma kamfanin ya sanar da sabon tsarin izini da ya taƙaita yadda manhajojin waje ke magana da injin, masu amfani suka yi ca, har ya ƙara wata hanya ga masu son sarrafa injinsu ba ta sabar ba. Injunan suna aiki da katin ajiya ko ta layin cikin gida ba tare da intanet ba, to mai ƙarancin data ba a rufe masa ƙofa ba. Amma ofishin da ke buga zanen abokan ciniki na sirri ya kamata ya auna wannan, kuma a nan Prusa ta fi kwantar da hankali. Masu saro kaya daga Guangzhou su ma su lura: a tabbatar injin ba wanda aka yi wa kasuwar cikin China ba ne, domin akan sha wahalar haɗa irinsa da asusun waje.

Maganar launuka da yawa ba sai na tsawaita ba. Akwatin AMS na Bambu yana ɗaukar naɗi huɗu yana canjawa da kansa. Tsini ɗaya ne, don haka duk canjin launi sai ya tsiyayar da tsohon ya jefar da ɗan dunƙule. A abu mai launi a kowane hawa, sharar kan kai nauyin abin ko ta fi, lokaci kuma ya ninka. Mai yin maƙalan mabuɗi da allon suna, inda launi ke canjawa sau ɗaya ko biyu, zai ci riba. Saura su sayi ƙarin zare da kuɗin.

Yanayi ma yana da nasa. Da damina zare yana shan laima, musamman PETG da zaren TPU mai laushi da nailan. Za ka ji yana ɗan tartsatsi a bakin tsini, jikin aikin ya fito da ƙuraje. Bokiti mai murfi da ƙullin silika a ciki ya wadatar ga PLA da PETG, nailan sai na'urar busarwa. Da hunturu kuma ƙura ce: tana kwanciya a kan zare ta bi shi cikin tsini, tana haɗuwa da man sandunan inji ta zama datti mai cin ƙarfe. Rufaffen inji ya fi samun sauƙi. Buɗaɗɗe a rufe shi da zane idan ba ya aiki, a kuma ratsa zaren ta cikin guntun soso kafin ya shiga.

Ga mai neman kuɗi da injin, shawarata ta saɓa wa abin da zuciya ke so. Zuciya tana son babban inji guda mai tsada. Amma inji biyu matsakaita sun fi shi: aiki biyu a lokaci guda, idan ɗaya ya tsaya kana jiran kaya daga waje ɗayan yana nema maka abinci, kuma kayan gyaransu ɗaya ne. Kilo ɗaya na PLA, kusan mita 330, ana sayar da shi a wajen dala 20 a kasuwannin waje, wato abu mai giram 50 ya ci zaren dala ɗaya kafin a ƙara jigila da kwastan. Zaren ba shi ne tsadar ba. Tsadar tana cikin wuta, da aikin da ya lalace, da lokacin zane. Wanda bai iya zane ba sai dai ya riƙa sauke na mutane daga shafukan Printables ko Thingiverse ko MakerWorld, da yawansu kuma lasisinsu ya hana sayarwa. Kuɗin yana wurin wanda za a kawo masa karyayyen giyar injin ɗinki ko maƙalin da babu shi a kasuwa, ya auna, ya zana a Tinkercad ko FreeCAD ko Fusion, ya buga. Kuma ya san cewa aikin injin zare ta tsakanin hawa yake tsagewa, don haka ƙugiya a kwance ake buga ta, ba a tsaye ba. Tinkercad da FreeCAD kyauta ne, haka manhajojin da ke yanka zane hawa-hawa irin su Cura da PrusaSlicer da OrcaSlicer. Kana iya sauke su yau, ka sa abin da kake son yi a ciki, su faɗa maka awa nawa da giram nawa zai ci a kan kowane inji, tun ba ka kashe ko kwabo ba.

Idan ka tsayar da shawara, kada ka yi odar inji shi kaɗai, domin kuɗin jigilar ƙaramin abu daga baya yakan fi abin tsada, ga jiran makonni. Mai injin zare ya haɗa da kan bugu guda cikakke na ajiya, tsini biyu ko uku, rigar silikon da ke rufe kan, faranti na biyu, bututun PTFE da zare ke bi ta ciki, da naɗin PETG ko da biyu a kan na PLA. Mai injin ruwa ya haɗa da ledar gindin kwano guda uku ko fiye, da allon LCD na ajiya tunda yana ƙarewa bayan kusan awa 2,000 na aiki, ya kuma tambayi ɗan jigilarsa tun kafin ya biya ko yana ɗaukar ruwan rezin a jirgin sama, domin ba kowa ke yarda ba.